Ajiyar da Dogo Ya Goge

Dogo ɗan yayana ne, kuma duk wanda ya san shi zai gaya maka mutum ne mai hannu. Ba ya yawon banza, ba ya cin amanar mai aiki, ba ya wasa da sana'a. Aibunsa ɗaya ne, amma ya isa: ba ya iya jin an yabi ƙaninsa. Ka yabi bare a gabansa, zai taya ka. Ka ce Auta ya iya aiki, nan take sai ya sha mur kamar an zagi uwarsa. Tun suna yara haka yake. In aka saya musu takalma iri ɗaya, sai ya ɗauki na Auta ya juya ya duba ƙasan, ko nasa ya fi kauri.

Shagonmu na surfani ne. Muna yi wa labule ado, da rigar filo, da zanen gado, da bajon makarantu. Mahaifinsu, wanda kowa ke kira Baba har da ni ƙanwarsa, shi ya kafa shagon da keke ɗaya. Yanzu inji ke ɗinkin. Ana zana ado a kwamfuta, irin wadda ake naɗewa a saka a jaka, a tura wa injin, shi kuma ya bi zanen da allura. Kwamfutar ɗaya ce, Dogo da Auta suke raba ta. Ni kuwa aikina in zauna a bakin taga da ƙaramin almakashi ina yanke zaren da ya yi saura a bayan aiki. Daga kujerar nan babu abin da ke wuce ni.

Idon Baba ya daɗe da tafiya, amma bai daina zuwa shago ba. Yakan zauna kusa da ƙofa, a miƙa masa aiki ya shafa da yatsu, ya bi kowane layi a hankali. In ya gamsu sai ya ce, “Ya yi.” In bai gamsu ba ya ce, “Da saura.” Bai iya dogon yabo ba. To, Auta ya sha jin “ya yi”. Dogo kuwa kusan kullum “da saura” yake samu, don yana da son cika ado har ya yi yawa. Duk ranar da Baba ya ce wa Auta “ya yi”, ranar Dogo ba ya cin abincin rana da mu. Zai ce cikinsa ne ba daɗi. Mu dai mun san ba ciki ba ne.

Wata rana wani mutum da ya gina sabon masaukin baƙi ya zo. Yana son babban ƙyalle mai ado da za a rataye a zauren shiga, wanda duk baƙon da ya shigo shi zai fara gani. Baba ya ce kowanne cikin ’ya’yan ya yi nasa zanen, a ɗinka masa ɗan gefe ya taɓa, shi zai zaɓa.

Wallahi a wannan karon Dogo ya ba ni mamaki. Ya daɗe yana aikin, yana gyarawa yana sakewa, har ya daina hira da mu. Abin da ya fitar bishiya ce guda a bakin ruwa, da tsuntsaye ƙalilan suna tashi daga reshenta. Bai cika ta da komai ba. Ya bar fili a ƙyallen, har in ka kalli zanen sai ka ji kamar iska na kaɗawa. Aka ɗinka ɗan gefe, reshe ɗaya da tsuntsu ɗaya, a kan ƙyalle da bai wuce tafin hannu ba. Aka miƙa wa Baba tare da na Auta, ba a gaya masa na wane da wane ba.

Baba ya shafa na Auta ya ajiye. Ya ɗauki ɗayan ya shafa, ya sake shafawa, ya daɗe yatsansa na kan fiffiken tsuntsun.

“Na wane ne wannan?”

“Nawa ne, Baba,” in ji Dogo.

“Ya yi,” in ji Baba. “Kada ka ƙara masa ko zare ɗaya.”

Auta ya yi tsalle ya riƙe kafaɗar wansa yana cewa, “Yaya, na rantse ka buge ni! Wannan ko ni ne mai zaɓe shi zan ɗauka.” Dogo ya juya fuska wai yana neman wani abu a kan kanta. Na ga idonsa ya ciko. Ni ma sai da na share nawa da gefen mayafi, don na san shekarun da yaron nan ya yi yana jiran kalmar nan.

A cikin kwanakin nan kuma kwamfutar ta ɓullo da wani hali. Akwai wani layi da ke nuna yawan wurin da ya rage a cikinta. Da shuɗi ne, sai ya koma ja. Dogo ya goge tsofaffin hotuna, wuri ya ɗan samu, washegari ya sake cikewa. Ya goge waƙoƙin da yake ji in yana aiki, bayan kwana kaɗan layin ya koma ja. Babu wanda ya zuba sabon abu, amma wuri sai ɓacewa yake kamar ruwa a tulu mai tsaga.

“Wani yana cika ta da kayansa a ɓoye,” Dogo ya ce, yana magana da bango amma idonsa na kan Auta.

Auta ya yi dariya ya jawo kujera. “Ba wani ba ne, Yaya, ita ce da kanta. Zo ka gani. Duk lokacin da aka taɓa zane aka adana, sai ta ɓoye kwafin yadda yake kafin a taɓa shi. Ba ta tambayar kowa. Ajiyar ko-ta-kwana ke nan. In ka ɓata aiki yau, sai ka koma na jiya ko na shekaranjiya. Laifina ne da ban sa mata iyaka ba, shi ya sa take ta tarawa har ta cinye wurin.”

“Laifinka? Wato kai ka kunna ta.”

“Ni na kunna. Kuma in ka duba, duk abin da ke ciki ma…”

“Na sani!” Dogo ya katse shi. “Ba sai ka gaya mini na wane ne ba.”

Auta ya kalle ni, na kalle shi. Ya san halin wansa. Ya taɓa ba shi shawarar ya riƙa ajiye kwafi kafin ya gyara zane, Dogo ya ce masa tun Auta yana rarrafe shi yake riƙe allura. Shi dai Auta yana da ɗan filashi na adana aikin kwamfuta da yake ratayawa a jikin makullansa, duk ya gama aiki sai ya soka shi a kwamfuta ya kwashe. Dogo har tsokanarsa yake, yana cewa wai ga mai tsoron kada a sace masa basira.

Ana cikin haka aka aiko surukar Auta ba ta da lafiya, dole ya kai matarsa garinsu. Kafin ya fita ya tsaya a bakin ƙofa da jaka a kafaɗa.

“Yaya, don Allah kada ka taɓa ajiyar nan. In na dawo zan zo da ma’ajiya ta waje, irin wadda ake jonawa da kwamfuta, mu kwashe tsofaffin a ciki, in sa mata iyaka ta riƙa share mafi tsufa da kanta. In ta matsa maka kafin nan, ga filashin shago a aljihun tebur, ka kwashe ayyukan da muka riga muka ba masu su.”

Dogo bai ɗago ba. Ya ce, “Allah ya kiyaye hanya.”

Bayan tafiyarsa mai masaukin ya zo ganin zane. Dogo ya buɗe masa bishiyar a kwamfuta. Mutumin ya daɗe yana kallo, ya gyaɗa kai ya ce ya yi masa, a fara aiki. Da ya tsaya a nan da shi ke nan. Amma yana fita sai idonsa ya faɗa kan wata rigar filo a kan kanta, wadda Auta ya cika da furanni da zare mai ruwan zinariya. Ya ɗaga ta ya ce, “Kai! Wanda ya yi wannan ba dama. Dubi yadda take walƙiya.” Ya ajiye ya tafi abinsa. Magana ce irin ta mai wucewa, ko ƙofar mota bai rufe ba na tabbata ya manta da ita.

Dogo bai manta ba. Ya ɗauki rigar filon ya juya ta, ya duba bayanta, kamar yadda yake yi wa takalma yana yaro. Ya jefar da ita a kan kanta ya koma gaban kwamfuta.

“Me za ka yi?” na tambaye shi.

“Ɗan gyara.”

“Babanka ya ce kada ka ƙara ko zare ɗaya.”

“Gwaggo, Baba ba ya gani. Mai kuɗin aikin yana gani, kuma kin ji abin da ya burge shi. Walƙiya yake so? Zai ga walƙiya.”

Ya fara sa wa bishiyar furanni. Da ya zo adanawa sai kwamfutar ta ƙi, ta ce babu wuri. Ya sake dannawa, ta sake ƙi. Ni yanzu in na tuna sai in ga kamar ita ma roƙonsa take ya bari. Ya buga tebur har zare ya gangaro ƙasa.

“Kin gani ko? Mutum ya tafi, amma ya bar tarkacensa ya toshe mini hanya. Kwamfutar shago ta zama rumbun Auta! Kowane ɗan furen da ya zana sai an ajiye masa kwafi, ni kuwa ko wurin adana aiki guda ban da shi.”

“Ya ce ka kwashe tsofaffin ayyuka a filashi.”

“In kwashe nawa don nasa su zauna su miƙe ƙafa? Ashe dai!”

Ya shiga wurin da Auta ya nuna masa. Bai buɗe ya ga abin da ke ciki ba, ko sau ɗaya. Da ya buɗe da ya gani. Ya zaɓi duka ya danna gogewa. Kwamfutar ta tambaye shi ko ya tabbata, don abin da aka goge a nan ba ya dawowa. Na ce, “Dogo, ka ji tsoron Allah, ka jira ƙaninka.” Ya ce, “Na tabbata,” kamar da mutum yake magana, ya danna. Bai tsaya nan ba, ya bi ya kashe ajiyar gaba ɗaya don kada ta sake tara wa Auta komai. Jan layin ya koma shuɗi. Dogo ya jingina da kujera yana murmushi, irin murmushin da ban so ganinsa a fuskar ɗan yayana ba.

Daga nan ya duƙufa. Ya sa furanni a kowane reshe. Ya ga kamar ba su kai na Auta ba, ya ƙara musu zinariya. Ya cike ruwan da kifaye, ya cike sararin da taurari, ya goge wasu tsuntsayen don furanni su sami wuri. Ya lanƙwasa rassan don su ɗauki kayan da ya ɗora musu. Duk gyaran da ya yi sai ya adana a kan na baya, kamar yadda ya saba. Kwana da kwanaki yana abu ɗaya. Ni dai na ja bakina, don duk lokacin da na yi magana sai ya ƙara wani furen.

Ranar da aka ɗora ƙyallen gwaji a inji, tun daga farko abin ya nuna. Zare ya yi ta tsinkewa. Allura ta karye, aka sa wata. Ɗinki ya hau kan ɗinki har ƙyallen ya tattare, ya yi tauri kamar kwali. Da aka cire shi Dogo ya riƙe yana kallo. Baba ya ji injin ya tsaya, ya miƙo hannu.

Ya shafa sama, ya shafa ƙasa. Yatsunsa suna neman wani abu ba su samu ba.

“Ina tsuntsun?”

Dogo ya kau da kai.

“Wannan ba aikin da na taɓa ba ne,” in ji Baba. “Wannan wani ne yake kwaikwayon Auta, kuma bai iya ba. Ku kawo mini na Dogo.”

Dogo ya juya. Ya koma kwamfuta da sauri yana danna komawa baya. Ta koma taki kaɗan ta tsaya, don an rufe ta an buɗe ba adadi tun lokacin. Ya fara cire furannin da hannu, amma rassan da ke ƙarƙashinsu ba su ne na da ba. Ya cire kifayen, ruwan ya zama wani abu dabam. Gumi ya jiƙa masa riga, ga fanka na kaɗawa a kansa.

Washegari da hantsi Auta ya dawo, da sabuwar ma’ajiya a cikin kwalinta. Ya gaishe mu, ya ga ƙyallen a kan tebur, ya ga fuskar wansa, ya gane. Bai yi dariya ba, bai ce na gaya maka ba. Ya ajiye jaka ya ce, “Haba Yaya, kwantar da hankalinka, wannan ai ba komai ba ne. Ranar irin wannan aka yi ajiyar dominta. Yanzu zan fito maka da bishiyarka yadda Baba ya taɓa ta.”

Ya zauna ya buɗe. Ya tsaya. Ya rufe ya sake buɗewa. Ya juyo a hankali.

“Wa ya goge?”

Na kalli Dogo. Injin a kashe yake, kana jin motocin da ke wucewa a titi.

“Tarkacenka ne suka cika ta,” in ji Dogo. “Na rasa wurin adana aikina.”

Auta ya ciro makullansa daga aljihu, ya ɗaga ɗan filashin. “Nawa suna nan, Yaya. Kullum a nan suke. Ban taɓa sa ajiyar a kan aikina ba, don ni ina kwashe nawa da kaina. A kan jakar aikinka ta cikin kwamfuta kaɗai na kunna ta, saboda na san kana adanawa a kan na baya, kuma na san in na sake yi maka magana za ka ji haushi. Duk abin da ya cika kwamfutar nan naka ne. Bishiyar nan tun tana layi ɗaya har ranar da Baba ya ce ta yi, kowane mataki yana ciki. Shi nake son gaya maka ka katse ni.”

Innalillahi. Ban taɓa ganin mutum ya zauna irin zaman da Dogo ya yi ba. Ya sulale kan buhun ƙyallaye ya riƙe kai. Ni kaina almakashin faɗuwa ya yi daga hannuna. Haushinsa nake ji, tausayinsa kuma ya fi haushin.

Auta bai haƙura ba. Ya kai kwamfutar wurin mai gyara ko za a iya tono abin da aka goge. Mai gyaran ya ce da an kawo ta a ranar da wataƙila, amma an yi ta adana sabon aiki a kan wurin, furannin nan da kifayen sun hau kai sun danne. Dogo ya zauna ya sake zana bishiyar daga ka. Ya zana, ya sake, ya sake. Kowacce aka ɗinka gefenta aka kai wa Baba, sai ya shafa ya ce, “Da saura.” Ba mugunta yake yi ba, gaskiya yake faɗa. Hannun da ya zana ta farko hankalinsa a kwance yake, na yanzu kuwa a tashe yake.

Mai masaukin ba zai jira har abada ba. Da lokaci ya ƙure, zanen Auta aka ɗinka aka kai masa, shi ne yake rataye a zauren har yau. Dogo da kansa ya ɗora ƙyallen a inji, da kansa ya naɗe shi. Auta ya kwashe abin da ya rage a sabuwar ma’ajiyar, ya sake kunna ajiyar, ya sa mata iyaka. Wannan karon Dogo yana tsaye a bayansa yana kallo, bai katse shi ba.

Ɗan ƙyallen nan mai reshe ɗaya da tsuntsu ɗaya kuwa, Baba bai mayar ba. Yana cikin aljihun rigarsa. In shago ya yi shiru sai ya ciro shi ya ɗora a gwiwa, yana bin fiffiken da yatsa. Tsufa ya fara sa shi mantuwa, don haka wani lokaci yakan ɗaga kai ya ce, “Dogo, yaushe za a ɗinka mini sauran in taɓa?” Dogo yakan ce, “Ana nan ana yi, Baba.” Sai ya tashi ya fita waje ya daɗe bai dawo ba.

Darasin da ke cikin wannan labari a fili yake. Hassada tana hana mutum duba abin da ke gabansa, har ya ɗauki alherin da aka yi masa a matsayin cuta. Dogo ya zaci yana share kayan ƙaninsa ne, alhali kariyar da ƙanin ya yi masa yake rushewa, kuma ya lalata mafi kyawun aikinsa don kawai an yabi na wani. In wuri yana ɓacewa a kwamfutarka, ka bincika abin da ke cinye shi kafin ka goge, ka kwashe tsohuwar ajiya zuwa wani wuri, ka sa mata iyaka, kada ka kashe ta cikin fushi. In kuma an yabi ɗan’uwanka, ka bar yabon ya wuce, ka riƙe abin da Allah ya ba ka. Kuma in mai ƙaunarka ya fara magana, ka bari ya kai ƙarshenta.